Tarwada a Kwamin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da abin da bakina ya jawo min a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ba, damunar da nake neman auren Rukayya. Har yau in na wuce ta layin gidansu sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A bayan gidan nasu akwai kwamin iyo, irin mai shuɗin tayil ɗin nan da ake gani a otal. Mahaifinta, Alhaji, ya gina shi ne saboda jikokinsa da ke zuwa hutu daga Abuja. A wannan shekarar injin da ke tace ruwan ya lalace, mai kula da shi ya yi tafiya, ga sama tana ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ta kama bango, ganyen dogonyaro da ƙasa sun kwanta a gindi, ko hannunka ka tsoma ba ka ganin yatsunka.

Ni kuwa a lokacin neman hanyar burge Alhaji nake ido rufe. Bai ce min a'a ba, bai kuma ce e ba. Ya dai yarda magabatana su zo gaisuwa in ya dawo daga wata tafiya da zai yi Legas. Ga kuma wani likita, ɗan abokinsa, da ake yawan ambaton sunansa a gidan, abin da ke hana ni cin tuwo da daɗi.

Ranar da na je yi masa sallama na same shi tsaye bakin kwamin yana tsaki. Ya ce jikoki sun kusa zuwa, ga ruwa ya zama haka. Ba ni ya tambaya ba, wallahi da kansa yake magana. Sai kawai na ji bakina ya buɗe.

"Baba, a bar min wannan aikin. Mu mutanen Argungu ai ruwa gadonmu ne."

(Gaskiyar magana, malamin makaranta ne ni. Rabona da shiga gulbi tun ina firamare, ranar ma sai da aka ciro ni.)

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka iya?"

"Kafin ka dawo za ka ga tayil ɗin ƙasa, in sha Allahu."

A hanyar gida dabara ta faɗo min, har ina yi wa kaina murmushi a kan babur. Kowa a Argungu ya san kifin gargaza gansakuka yake ci. To me zai sa a wahala da magungunan Turawa? A zuba musu gargaza su lashe bangon tas, in sun gama a kwashe su a soya. Na ƙudurta ba zan gaya wa kowa ba, har Rukayya, don in ba su mamaki. Mamakin kam na ba su.

Na tafi wurin Baffa Manu, ƙanen mahaifina, masunci ne na gaske, shi ne kuma zai jagoranci masu zuwa nema min auren. Kunya ta hana ni faɗa masa gaskiya, sai na ce kiwon kifi zan fara a Birnin Kebbi. Baffa ya yi murna har da sa min albarka, wai ɗan boko ya tuna gida. Ya cika min jarkoki da gargaza. Ina shirin tafiya sai ya ce in dakata, ya zagaya baya ya dawo rungume da wata ƙatuwar tarwada mai gutsurarren gashin baki.

"Wagga tawa ta, na daɗe ina kiwon ta. Tahi da ita ta zam uwar tabki."

Ta yaya zan ce ba na so? Na karɓa da hannu biyu ina godiya.

Na juye su duka a kwamin da rana, lokacin da Rukayya da mahaifiyarta, Hajiya, suka tafi biki. Ruwan ya haɗiye su, ko alamarsu babu. Daga nan kullum in na tashi daga makaranta sai in je in tsaya a bakin ruwa, hannuwa a baya, ina gyaɗa kai irin na injiniyoyi.

Abin da na manta shi ne, tarwada ba ta zama wuri ɗaya, ƙasa take tona. Duk dattin da ya kwanta lafiya lau ta tayar da shi, ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Gargazar kuma ban ga abin da suka rage ba. Sai tausayinsu ya kama ni, na ce ƙila gansakukar birni ba ta yi musu daɗi, na fara watsa musu dusa a ɓoye. (E, na sani. Ba sai ka faɗa ba.) Ƙarni ya fara tashi, balbelu suka fara jeruwa a kan katanga suna leƙe.

"Malam, wai yaushe za ka fara aikin nan?" in ji Rukayya.

"Aiki na tafiya a ƙarƙashi," na ce mata.

Na yi niyyar kwashe su kafin Alhaji ya dawo, sai ya dawo da wuri, ya kuma aika cewa manya su zo washegari. Ni na tuƙo Baffa Manu da wani yayan babana daga Argungu. Kamar yadda aka saba, suka shiga, ni na zauna a mota cikin sabuwar shaddata ina ta addu'a kada a yi maganar bayan gida. Can sai aka leƙo aka ce Alhaji na kira na.

Na same su su uku tsaye bakin kwamin. Ashe Alhaji ne ya ce su zo su ga aikin da ɗansu ya ɗauka. Yana nuna musu ruwan da sanda, yana cewa shi dai kore ya bari, ga shi ya tarar da wani launi.

Baffa Manu ya matsa bakin ruwan. Ya ɗan durƙusa, ya ƙura wa wasu ƴan kumfa ido. Na san wannan kallon.

"Alhaji," ya ce a hankali, "ruwan ga da rai."

Bai rufe baki ba sai ga ta. Ta taso shan iska dab da ƙafar Alhaji, ta buɗe wannan faffaɗan bakin, gutsurarren gashin bakinta na rawa, ta kaɗa jela ta fantsama masa ruwa a takalmi, ta koma.

"Ikon Allah, wagga ai tarwadata ta." Baffa ya juyo gare ni da fara'arsa, shi har ga Allah bai gane ba tukuna. "Ashe nan na wurin kiwon naka? Alhaji, da kai anka yi haɗin gwiwa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yayan babana ya cusa fuska cikin hannun babbar riga, kafaɗunsa na girgiza. Ta tagar kicin na ji wata dariya da aka toshe da mayafi, na kuma san mai ita. Na fara bayanin yadda gargaza ke cin gansakuka, muryata na siririncewa, har na kai wurin dusa, a nan na yi shiru don kaina.

Alhaji ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya dubi manyana.

"Maganar da ta kawo ku na ji. Amsarta tana ƙasan ruwan nan. Ranar da na ga tayil, ku dawo."

Haka na tuɓe shadda a gidan surukai, na shiga da gajeren wando da homar kamun kifi da Baffa ya aiko min. Gargazar ba su ba ni wuya sosai ba. Tarwadar kuwa sai da ta zagaya da ni kwamin nan kusurwa-kusurwa, ta soke ni da ƙaya a tafin hannu, na sha ruwan da ba zan so in bayyana ɗanɗanonsa ba.

Sauran aikin Rukayya ce ta karanta min ta taga, domin tun tana ƙarama take ganin ana yi. Na tsame ganye da raga. Na goge bango da buroshi har kafaɗuna suka sage. Na narka alif na zuba, ta ce kada in kuskura in taɓa ruwan sai dattin ya kwanta. Da ya kwanta na sa tiyo ina zuƙe lakar a hankali zuwa kwata, in na yi garaje ta sake tashi sai a koma jira. Aka ƙara sabon ruwa, aka gyara injin, aka zuba maganin kulorin. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya min duk wannan tun farko ba.

"Ai ka ce gadonku ne," ta ce.

Ranar da ruwan ya washe, Alhaji ya fito ya zagaya shi, ya leƙa, ga tayil shuɗi tar har ƙasa. Ni ina gefe da hannu a naɗe.

"Ka ce wa Baffanka su dawo," ya ce. "Amma don Allah kada ya riƙo mana komai mai numfashi."

An ɗaura auren bayan Sallah. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: in babba ya yi ƙorafi a gabanka, ba aiki yake ba ka ba. Ka ce "Allah ya kyauta", ka nemi takalmanka.