Rasuwar Katunan Ruwan Farfaru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hayaƙi, ni Ummaru Safiyo, ma'aikacin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jibiya, nake sanar da rasuwar katunana guda dubu uku, ranar Lahadi da hantsi, a gindin tukunyar tuwo.

Marigayan sun shekara huɗu a duniya. Daga Daddara har Farfaru na bi ƙasa taki-taki ina awo: inda dutse yake, inda yashi yake, inda ruwa ya kwanta. Kowane awo an huda shi a jikin kati, domin na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka sayo da kuɗin fetur ba ta san rubutu ba, sai huji. Har yau ina jin kukansu na ranar haihuwa: ƙas, ƙas, ƙas. Ba su taɓa haɗa ido da na'urar ba. Tana can Ikko cikin akwatinta, tana jiran a gina mata ɗaki mai sanyi.

Masu kunya ne, masu riƙon sirri. Kalilu, mai irin aikina a Maraɗi, sau uku yana tsallako iyaka don in bari ya kwafa, wai ruwan ƙasa bai san kwastan ba. Na ce masa sirrin gwamnati ne. Gaskiyar magana, so nake sunana kaɗai ya fito. Na kulle su a adaka, littattafan awon kuma na ba mai tsire, don a ganina mai kati ya wuce fensir.

Ajali ya zo ta hannun Goggo Barira, wadda ta kawo mini ziyara daga ƙauye. Ta buɗe adakar don kaya su sha iska, ta ga takardu duk huji, ta yi salati, ta ce ai gara ce ta gama da ɗan ƙaninta. Ta zauna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar wake, ta adana lafiyayyun, ta hura wuta da masu hujin. Na ci tuwon har da ƙari kafin ta ba ni labarin taimakon da ta yi mini. Na kuwa yi godiya. Wa zai yi wa goggonsa faɗa?

Sun bar ƙanne ɗari biyu, fes da su, ba huji, ba komai a kai, irin wasu manyanmu na ofis. Sun bar matan Farfaru, waɗanda na yi wa alkawarin rijiya kafin bazara. Sun kuma bar injin haƙa da ya iso jiya, wanda direbansa Lawal ke bi na gida da masallaci yana tambayar inda zai kafa. Wallahi ban sani ba, kuma kunya ta ishe ni.

Za a binne tokar ranar Talata bayan la'asar a Farfaru. Ramin, mai unguwa ya ce ni zan haƙa da hannuna. Masu zuwa su taho da ruwan alwalarsu.