Farin Keken da Ya Ƙi Fita daga Kwando

"Lafiya lau, sai dai ganinka. Wa ya kwance min bawana da rana tsaka? Tsaya daga bakin ƙofa, kar ka shafa wa takardun mutane baƙin mai."

Bakanike bai tsaya ba. Ya ratsa tsakanin injin kwafi da teburin ɗinke takardu, ya dire tsohuwar kwamfutar gidansa a gaban 'yar gwaggonsa. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. Ita ce mai wannan shagon buga takardu, shi ya sa yake ce mata Akawu. Amma yau ba wasa ya kawo shi ba. Bara jak ya zame, mota ta danne masa hannun dama, ya yi wata huɗu a zaune. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta riƙe gida, ba ta ce wa kowa uffan ba. Shi ma bai ce komai ba. Bai iya godiyar baki ba, kuma bai yarda da ita ba. Abin da ya ƙudura shi ne wata safiya ta fito ta tarar da sabon keke a tsakar ɗaki, ba tare da ta ji ko ƙishin-ƙishin ba.

"Akawun da ba ta da ofis, rage surutu ki duba min wannan. Ƙarfe uku uwar yara za ta neme ta."

"Me ka yi mata? Man birki ka ɗura mata?"

"Keken ɗinki na duba a wani shagon intanet, yau kwana goma. Tun daga ranar duk inda na buɗe, keke. Labarai, keke. Ƙwallo, keke. Kuma a nan take duba samfurin ɗinki. In ta gani, asirina ya tonu."

"To sai ka yi yaya?"

"Abin da ake yi mana. Na cire batir."

"Ka cire me?"

"Batir. Motar da ƙwaƙwalwarta ta riƙe matsala, kan batir ake cirewa minti goma ta manta. Wannan wuni guda na ba ta. Har sau uku."

Akawu ta kifa kai a kan tebur tana dariya har kujerar tana ƙara.

"Kai, Kawu ya haifi injiniya! Saura ka zuba mata ruwa a lagireto."

"Ke da kika yi shekara kina hawan babur ba ki san yana shan baƙin mai ba? Ki faɗa min abin da ke ciki, ko in ɗauki kayata."

"Zauna, bawan Allah kuma bawana. In aka kawo maka mota, me kake yi wa makullin?"

"In ɗaura masa 'yar takarda, in rataye."

"Don me?"

"Don in mai ita ya dawo in gane tasa."

"To haka shafukan nan suke yi. Duk wanda ka shiga, sai ya ba burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, 'yar takarda ta ajiye. Kukis ake ce musu. Gobe in ka dawo, ya ga takardarsa ya ce, a'a, ga mai ƙaton kan nan na jiya, ga abin da ya zuba a kwandon sayayya. Masu talla su ma suna liƙa tasu, ita ce take bin ka shafi shafi kamar ƙuda ya ga gyambo. Kuma a rubuce suke a ciki, ba wuta ce take riƙe su ba. Ko shekara ka yi da batir a aljihu, suna nan suna jiran ka."

Bakanike ya ja tsaki. Wuni uku ya yi yana ɓoye batir a akwatin sifana, yana ce wa matarsa caji yake gwadawa.

"To goge su duka."

"Ka ji aikin ƙarfi! In na goge duka, duk shafin da matarka take shiga zai manta ta. Ta buɗe wasiƙunta a ce kawo kalmar sirri, ta buɗe na ɗinki a ce ke wace ce. Sai ta tambayi wanda ya taɓa, kai kuwa ƙarya ba ta zama a fuskarka, hancinka ne yake fara rawa."

"Hancina ya fi naki tsayi, shi ya sa kike ganin sa. To na shagon kawai, da na masu tallan."

"Yanzu ka yi magana. Matsa in yi maka."

"Ba za ki yi ba. Nuna min in yi da hannuna. Ba zan riƙa zuwa nan kullum kina min wa'azi ba."

Ya jawo kujera. Yatsu biyu na hannun daman har yanzu ba sa lanƙwasa sosai, don haka da ɗan ali ya riƙa dannawa, a hankali, kamar mai neman noti a cikin duhun inji. Ɗigo uku na saman kusurwa. Saiti. Sashen sirri da tsaro. Ga kukis. Ya toshe na masu talla da kansa, ba tare da ta maimaita ba.

"Ashe kan nan ba na ajiye hula kawai ba ne," in ji Akawu. "Saura tarihin shafukan da ka shiga, shi daban yake. Gobe kuma in za ka yi ɓoye-ɓoyenka, ka buɗe tagar sirri, kana rufe ta ta watsar da takardun. Amma dakata. Ka yi rajista a shagon?"

"Ban yi ba."

"To kukin ne kaɗai ya san kwandonka. Kana goge shi kwando ya zama wayam. Buɗe ka rubuta sunan keken tukuna."

Ya buɗe. Nan take ransa ya ɓaci.

"Kin gani ko? Sun sake! Macuta ne mutanen nan. Baƙin keke na zaɓa, na ƙarfe, mai nauyi, wanda ko jikokinmu za su gada. Duk na dawo sai in tarar sun cire shi sun sa wannan farin mai kama da abin wasan yara. Sau uku ina mayarwa. Ga allurai sun cusa min, ga ƙwaryar zare. Har da safar hannu, don rainin hankali. Wa ya tambaye su safar hannu?"

Akawu ta daina dariya. Ta matso da fuskarta kusa da allo.

"Kwando ba ya canja kansa, ɗan Kawu."

"To aljanu ne?"

"Ku nawa kuke taɓa kwamfutar nan?"

"Ni da..."

Ya sake duban farin keken.

"Shagon bai san hannu ba, takarda ya sani," in ji ta. "A wurinsa kai da ita mutum ɗaya ne, mai gardama da kansa. Da safe ya ce baƙi, da yamma ya ce fari. Farin nan yana yin aikin ado, yana fasa gidan maɓalli. Naka na ƙarfen ɗinki miƙaƙƙe kawai ya iya, kamar mai shi. Duba safar ma da kyau."

Ya duba. Ba ta ɗinki ba ce. Safar aiki ce ta fata, mai kauri a bayan yatsu, babbar lamba. Sau uku ya cire ta, sau uku ta dawo.

Sai a lokacin ya gane aikin matarsa ne. Injin kwafi ya gama aikinsa ya yi shiru. Kwana goma yana ɓoye-ɓoye, ashe ana zaune ana kallon sa, ana zuba masa abinci ba a ce komai ba. Ya goge hancinsa da bayan hannu, ya bar layin baƙin mai a kumatu.

"Ina ake danna saye?"

"Ba ka mayar da baƙin ba?"

"Na ce ina ake dannawa."

Ta nuna masa. Ya cike adireshin gida harafi harafi, ya danna. Farin keke, allurai, ƙwaryar zare, safa. Bai cire ko ɗaya ba.

"To gogewar fa? Uku saura kwata."

"Bar kukin. Ta buɗe ta ga kwando babu komai, ta san aikin da aka yi."

"Shi ke nan? Ba za ka ce mata komai ba?"

"Ita ta ce min?"

"Allah ya haɗa kurame biyu! To ni dai sai ka faɗa. Ce, Akawu uwar ɗakina, kin fi ni ilimi."

"Ko a mafarki."

Ya rufe kwamfutar ya saƙale ta a hammata. A bakin ƙofa ya miƙa hannu ya zare makullin babur ɗinta daga ƙusa.

"Kai ɓarawo, ina za ka kai min?"

"Birkinki tun daga kan kwana yake sanar da zuwanki. Kafin ki rufe shago yana nan."

"Godiyar ke nan?"

"Ita ke nan, babu ƙari."

"To don Allah kar ka cire masa batir ya manta ni!"

Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun safe. Ya ciro 'yar takarda daga aljihun gaba, ya rubuta "uwar ɗakina" da guntun fensir, ya ɗaura a makullin, ya fita.