Gaisuwar Sensei Mamani

Dakoro ta yi dace. Wasu garuruwa sai sun tura ɗansu har Japan kafin su san judo. Mu kuwa Allah ya hutar da mu: Mamani mai liƙin taya ya je Yamai sayen kaya, ruwa ya tsare shi a ƙofar wani zauren wasan judo, ya dawo mana da Japan ɗin gaba ɗaya a baki.

Tun ranar ba Mamani ba ne, Sensei ne, wato malam. 'Yan tasha suka sa masa Baƙar Ɗamara, don ko ɗaurin aure zai je sai ya ɗaura ta bisa babbar riga. Rumfarsa ta koma dojo, makarantar judo. Tabarmar da Goggo Habi ke shanya kuɓewa ta zama tatami, shimfiɗar wasan.

Ɗalibansa sun ƙware, ba laifi. Ko cikin barci ka tashe su za su gaya maka hajime shi ne a fara, matte a dakata. Ukemi, dabarar faɗuwa ba tare da jin ciwo ba, da baki ya koyar da ita, don babba ba ya gwada faɗuwa gaban yara. Ran nan akuya ta shiga rumfa ya daka mata matte. Da ta ƙi tsayawa ya ce ba ta shiga ajin lakwal ba.

To, ilimi irin wannan ya fi ƙarfin rumfa. Akwai ɗaki ɗaya a gidan matasa inda 'yan kokowa ke ajiye ganguna, shi Sensei ya ƙyalla ido a kai. Ya sami magajin gari ya ce, “Ranka ya daɗe, kokowa ƙarfin tuwo ce. Judo kimiyya ce.”

Magajin gari mutum ne mai son dariya. Ya ce idan Sensei ya kada Kalla a filin kokowa, ɗaki nasa ne. Kallan nan ɗan kokowar garin Mai Yara ne, buhun hatsi yake ɗauka kamar matashin kai. Baki dai shi ke yanka wuya: Sensei ya ce ko gobe.

Bayan la'asar fili ya cika, har daga Rumbu an zo. Makaɗa na zuba kirari, Kalla na rawa layu na rangaji. Sai ga Sensei cikin farin judogi, kayan 'yan judo, wanda tela ya yi wa aiki a wuya don ƙara kwarjini. Ya karɓe lasifika.

“Jama'a, kun saba cakumar juna kamar raguna. A judo rei ake farawa da ita, gaisuwa. Akwai ta tsaye, ta 'yan koyo. Akwai zarei, ta manya. Ku buɗe ido.”

Alƙalin wasa ya gaji da jira, ya busa usur. Kalla ya duƙa ya miƙo hannu. Sensei kuwa cikin natsuwa ya dire gwiwar hagu, ya dire ta dama, ya shimfiɗa tafuka, ya kai goshi ga yashi.

A Dakoro ko ɗan goye ya san wanda gwiwoyinsa biyu suka taɓa yashin fili ya faɗi. Usur ya sake tashi. Ganguna suka ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, samari suka cira Kalla sama yana ihu, “Wallahi ban taɓa shi ba!”

Sensei ya ɗago da yashi a goshi. “Matte! Matte! Ban ce hajime ba!” Wa ke jin sa?

Magajin gari ya miƙa wa Kalla makullin ɗaki, sannan ya juyo yana share hawaye. “Sensei, ban taɓa ganin kaye mai ladabi irin wannan ba. Kayen da ya gama wasa gaba ɗaya, mi kuke ce mashi a Japan?”

Mutumin da ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa ya gyara ɗamara, ya ja lasifika.

“Ippon ake cewa. Ku maimaita.”

Fili duka ya maimaita.