Jakar Cefane da Ankon Zumunta

Ranar da na rantse na daina karɓar leda, na zaro wani zani daga akwatin matata, tela ya ɗinka mini jakar cefane. Na shiga kasuwar Television ina taƙama, har da yi wa mai tumatir wa'azi kan yadda leda ke toshe kwalbati. Mata suna ta murmushi, na ɗauka burge su na yi.

Ina isa gida matata ta dafe ƙirji. "Baban Rahila, ankonmu na zumuntar mata ne fa! Me zan ɗaura ranar Lahadi?"

Jakar tana nan, ledar ma na daina. Amma har yau in na shiga coci, matan zumunta sai su gyara zama: "Ga wuri, Mama."