Yadda Ake Kashe Gona Irin Ta Darakta

Kai da Allah Ya ba gona, kake neman rabuwa da ita ba tare da ka sayar ba, ka zo wurin da ya dace. Bi sawun Alhaji Muhyiddeen, darakta a wata ma'aikata, wanda ya sayi gona a gangaren Jiwa don ya ci tuwonta bayan ritaya, ya kuma bar wa tilon 'yarsa Yusra gado. Na yi maka alkawari, wannan hanya ba ta taɓa ba kowa kunya ba.

1. Sare itatuwa

Alhaji ya tarar da ɗorawa da kaɗanya tun na kakanni, ya ce suna ɓata masa hoto. Kira masu gawayi, za su yi ta sa maka albarka.

2. Share ta fes

Bayan girbi kada ka bar kara ko ganye ya rufe ƙasa. Tara, cinna wuta. Shanun da suka saba shiga su ci kara su bar taki, tare su da shingen waya. Me kashin shanu zai yi a gonar mai digiri biyu?

3. Miƙe kunyoyi

Mai tarakta ya tambaya, "Oga, a gicciye za a yi, ko?"

Alhaji ya harare shi. "Gicciye kuma? Straight! Daga tudu har rafi, kamar titin Lugbe."

Ka ji hikima. Ruwan sama ma yana son titi mai kyau, in ya samu kuwa ba ya tafiya hannu rabbana.

4. Karɓi masu tifa

Abuja gini take yi ba dare ba rana, furannin manya na son baƙar ƙasa. Bar su su kankare ta sama. Ai ƙasa ba ta ƙarewa.

5. Nemo mai laifi

In masara ta fito kamar tsintsiya, ƙara buhun taki. In kwazazzabo ya buɗe baki, ce sauyin yanayi ne. Alhaji har taron bita ya shugabanta a otal, aka tafa masa, aka ci kaza.

6. Kai magajiya ta gani

Da ritaya ta ƙarato, ya ɗauki Yusra zuwa Jiwa. Ta tsaya a bakin ramin da zai haɗiye mota, ta leƙa jar ƙasa da tsakuwa.

"Baba, ina gonar?"

Ranar Alhaji ya ji tsoro na gaske, don ba shi da wani wurin. Ya nuna mata duwatsun awo, kowanne a kusurwarsa.

"Iyakar tana nan," ya ce. "Cikin ne ya tafi."

Gargaɗi: mai wannan shawara ba shi da gona, ba ya kuma ciyar da tsofaffin daraktoci. In taka ta bi ruwa, kada ka nemi gidana, ka bi ta rafi.