Kaset ɗin da Sanda Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta soma tafasa, ni Hajjo, tsohuwar unguwarzoma a Malumfashi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokin hirata, kaset na ƙarshe a cikin jerin kaset-kaset ɗin labarin Turawa da nake saurare tun da yanar ido ta raba ni da karatu. Ya rasu cikin kakar auduga ta wannan shekara, 1984. Ba ciwo ya yi ba, kashe shi aka yi.

Marigayin ɗan asalin Ingila ne. Abokiyar aikina Adaku ce ta gaje shi tare da yayyensa a wurin wata Baturiya, ta bar mini su da za ta koma garinsu. Ciki wata tsohuwa ce mai murya kamar ana zuba nono take karanta wani daɗaɗɗen littafi na soyayya da ban dariya: wata budurwa mai bakin tsiya, da likitan ƙauye wanda in ya gan ta sai harshensa ya sarƙe, da gwaggwanninta da ba su da aiki sai shan shayi da shiga sharo ba shanu.

Kowace la'asar matan layinmu kan zo da gyaɗarsu, suna ɓara, ina tsayar da rakoda ina mayar musu da Hausa. Nana mai ƙosai ta rantse likitan ba zai taɓa furtawa ba. Maijidda, bazawarar da ke ɗinki a ƙofar gidana, ta ce zai furta, sai dai zai ɓata. A kan haka suka yi gaba har ta kai ga daina aron turmi. Marigayin ne kaɗai ya san gaskiya. Mai haƙuri ne, ya zauna a kwalinsa yana jiran layi, bai taɓa cin zare ba. Mu kuma muka yi ta ja masa rai don kada daɗin ya ƙare.

Sai ƙanena Sanda, dillalin auduga a Tsiga, ya zo ya ari rakoda, wai zai ji wa'azi, ya haɗa da marigayin ban sani ba. Ina so jama'a su sani ba kuskure ba ne. Kaset ɗin yana da ɗan rami a kansa wanda ke hana a yi ɗauka a bisansa. Sanda ya cusa auduga ya toshe ramin. Na taɓa da yatsana, na ji.

Ranar da muka taru jin ƙarshe, har waina aka yi. Na danna. Tsohuwar ta ja numfashi, ta ce likita ya cire hularsa ya tsaya a bakin lambu. Sai ƙas! Sai gyaran murya, sai Sanda: "Maijidda, ni dai... a'a. Maijidda, kin san ina da amalanke biyu... kai, bari in sake." Haka ya yi ta sakewa har zare ya ƙare, akuya na amsa masa daga baya. Koyon neman aure yake yi, kuma bai ga abin da zai koya a kai ba sai ƙarshen labarina. Maijidda tana zaune a wurin. Gyaɗa kawai ta ci gaba da ɓarewa, amma ni na ji yadda ɓawon ke fashewa.

Da na tuhume shi, cewa ya yi ai duk irin labaran nan aure ake yi a ƙarshe, me ya rage ban sani ba. Wannan magana ta fi kisan ciwo, kuma ban yafe ba.

Marigayin ya bar yayye biyar da ba su da sauran amfani, da rakoda gwauruwa, da mata masu gaba da ba a san wa ke da gaskiya ba, da likita tsaye da hula a hannu har abada.

Za a yi jana'iza ranar kasuwar Tsiga mai zuwa. Mudi mai tallar magani ya ba da aron lasifikarsa, za a kunna gawar a rumfar 'yan auduga, gefen da muryar Sanda take kaɗai, daga farko har ƙarshe, don abokan cinikin Sanda su yi bankwana da ita. Daga nan a dawo da ita gidana a binne gindin lemo. Sanda ne zai haƙa ramin.

Ana kuma sanar da shi cewa Maijidda ta ba da amsa. Ta shiga ɗaki ita kaɗai ta toshe ɗaya ramin, ta ɗauki amsar a ɗaya gefen kaset ɗin, ta fito tana murmushi, ta ce ba za ta maimaita wa kowa ba. Da amsar za a binne marigayin, kuma za a zuba siminti.