Motar da Masunta Suka Ɗauka

Sati uku na yi ina bincike kafin in yarda in tuƙa ta. Jar ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, tsohuwa, daga Benin. In ta yi kuka, har cikin ƙirjinka kake ji. Na duba takardunta, na sa makanikai biyu suka saurari injin. Ko jarrabawar jami'a ban yi mata wannan shiri ba.

Kawu Bala masunci ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, ya ce, "Ɗana, wagga ba ta da ƙafa."

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa haka ake ƙera masu gudu.

Ranar gwaji muka nufi Kaoje da dillali, bayan ruwan sama. Na ɗan lokaci na ji kamar iska ke ɗauke da ni. Sai cikinta ya hau tudun laka a tsakiyar hanya, ta zauna, tayoyi na juyawa a banza. Dillali ya ce in ta fashe, ta zama tawa.

Kawu, da ya biyo mu a babur, ya kirawo masunta takwas. Suka ɗaga ta cak kamar kwalekwale, ina ciki riƙe da sitiyari, na ma manta ana fitowa.

Ban saya ba. Amma har yau in na bi ta bakin ruwa sai su ce, "Malam, za ka taka da kanka ko mu taso?"